Ranar da Waƙa Ta Tsaya a Ɗakin Citta

Takau, Kafanchan,
Ranar Asabar.

Zuwa ga Yayata abar ƙauna, Hellen,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da 'yarki Mildred da maigidanta Kaleb, da jaririn nan da ya ƙwace mana ke ya kai ki ƙasar sanyi. Kullum ina roƙon Allah ya sassauta miki ciwon gwiwa, don na ji an ce sanyin Jamus ba ya tausayin ƙashin tsofaffi, ko da yake ke har yau ba ki yarda kin tsufa ba. Mu nan muna lafiya gwargwado. An sussuke accar gonar Godogodo, ta yi kyau fiye da bara, na ajiye miki rabonki kada ki dawo ki ce na cinye. An gyara kwanon ɗakin baya da ke yoyo. Mangwaron da marigayi maigidana Luke ya dasa ya fara huda tun lokacinsa bai yi ba, kamar yadda komai yake yi yanzu. 'Yan Zumuntar Mata suna tambayarki kowace Laraba, sun ce tun shekarun da kika koma Legas ba a sami mai buga tulu da zafin hannu irin naki ba.

Yaya, kin san ni da surutu a waya, don haka za ki yi mamakin ganin na zauna na ɗauki biro. Dalili shi ne maganar da ke bakina ba ta fita idan ina jin muryarki. Ran nan da kika kira ni kina murna, kika ce kin shiga kanti da Mildred kin ga fakitin garin citta da hotona a jiki, ina tsaye cikin zanen Zumunta tare da mata muna dariya, har kika tara Turawan kantin kina nuna musu ƙanwarki, kin ji yadda na yi ta kame-kame. Kika tambaye ni wace ce kyakkyawar yarinyar da ke gefena ta buɗe baki tana waƙa, na ce layi ba ya da kyau. Layi lafiyarsa ƙalau. Kunya ce ta hana ni amsa miki, kuma ita ce ta sa nake rubutu yau. Idan na gama zan ɗauki hoton takardun in turo miki ta waya, don maganar ba za ta jira mai tafiya ba.

Kin san kamfanin cittar da ke hanyar Zonkwa, inda ɗanki Gershon yake manaja. Na ce ɗanki don shekarun da ya yi a gidanki yana sakandare sun sa har yau maganarki ta fi tawa nauyi a kunnensa. Mai kamfanin yana zaune a Abuja, sai waya da saƙo, Gershon ne idonsa da bakinsa a nan. Lokacin da suka buɗe suna neman mata masu tsaga citta da shanya, ni na miƙe a taron Zumunta na yi shela, na ce ga aiki ya zo har gida, kuma hannun ɗana ne, ba mai cutar da kowa. Gwauraye da matan da cutar citta ta cinye musu gonaki suka yi ta zuwa gidana suna godiya. Na ji daɗin godiyar nan, Yaya, har tafiyata ta canza. Ranar da masu sayen cittar suka aiko a ɗauki hoto, ni na ce kowa ta ɗauro zanen Zumunta don mu fito da kyau, kuma ni na shige tsakiya alhali ban taɓa tsaga citta ko ɗaya a wurin ba.

Da can ai kin san yadda ake yi. A tsaga citta, a baza ta a kan dutse ko tamfol, rana ta yi aikinta. To shekarun nan sama ta daina bin ƙa'ida. Ana tsakiyar shanya sai hadari ya taso a watan da kakanninmu ba su taɓa ganin ruwa ba, cittar ta jiƙe ta yi funfuna, masu saye su ƙi ta. Sai mai kamfanin ya sa aka gina wani dogon ɗaki a bayan sito, babu taga, aka jera ragar waya hawa-hawa, a ƙasa kuma aka sa rabin duro-duro cike da gawayi. Mata suna shiga su juya cittar da hannu. Motocin gawayi kuwa sai shigowa suke daga dazukan wajen Jere, ana sare itatuwa don a busar da cittar da ruwan da ba na lokaci ba ya hana bushewa, a jikin fakitin kuma, in ji Mildred da ta karanta miki, an rubuta wai hasken rana ne kaɗai ya busar da ita. Abin da ya fi muni, tun da citta ta yi tsadar nan, aka ce wasu suna ɓoye ta a ƙugu, sai aka sa wa ƙofar sakata ta waje. Idan mata suka shiga, maigadi ya zura sakata, wai don zafi kada ya fita, citta ma kada ta fita. Na san da sakatar nan. Wata ta taɓa yi mini ƙorafin ciwon kai da jiri, na ce ta riƙa shan ruwa da yawa, ta kuma gode wa Allah da ta sami abin yi.

Kin san matanmu ba sa aiki baki rufe. Daga shigarsu ɗakin sai waƙa, ɗaya ta bayar sauran su amsa, har bakin titi ana ji. Gershon ya sha yi mini alfahari da wannan, yana cewa shi ba ya bukatar zagayawa duba ma'aikata, daga ofis yake jin lafiyarsu. Kowace safiya kuma kafin a fara aiki ana yin sujada a tsakar kamfanin, a roƙi Allah ya tsare kowa daga hatsari, sau da yawa ni ake kira in yi addu'ar. Iyakar shirin tsaron da aka yi ke nan, Yaya. Ba wanda ya taɓa gaya wa matan nan cewa gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa ba tare da hayaƙi ya nuna ba, kuma ni da na koyar da 'yan firamare shekara da shekaru ban tsaya na yi tunanin ba.

Makonnin baya, wata ranar Alhamis da hantsi, waƙa ta tsaya. Maigadi ya ji shiru ya yi yawa, ya je ya gaya wa Gershon. Gershon ya duba agogo ya ga rana ta kusa take tsaka, lokacin da matan suka saba tsayawa su yi addu'a, sai ya ce addu'a suke yi, kada a dame su. Maigadi ɗan ikilisiya ne shi ma, ya koma ya zauna, har ya cire hularsa don girmamawa. Wanda Allah ya aiko shi ne Misbahu, direban da ke ɗaukar buhuna zuwa Legas. Sauri yake yi, yana son a ba shi kaya ya kama hanya, aka ce ya jira mata su gama addu'a. Ya ɗan jira, ya kasa kunne, ya ce shi ya daɗe yana zuwa wurin nan, bai taɓa jin matan nan sun yi addu'a ba amin ba, sai ya zare sakatar da kansa. Ya same su a zube tsakanin ragogin, wasu suna amai, wasu ba sa motsi. A bayan motarsa aka kwashe su zuwa asibiti, a kan buhunan citta.

Allah ya yi mana jinƙai, ba wadda ta mutu. Yawancinsu sun farfaɗo a ranar, aka sallame su da ciwon kai. Amma ɗaya ta daɗe ba ta farka ba, don ita ce ke can ƙuryar ɗakin, kuma ita ce mai ba da waƙa, ta fi kowa jan numfashi. Chinelo ce, 'yar Nnenna. Nnennarmu ta kwatas ɗin Reluwe, wadda muka yi firamare tare, wadda ta ɓoye ni da Gershon yana goye a ɗakinta lokacin rikici, ta ce wa masu bugun ƙofa ba kowa sai ita da 'ya'yanta. Rabonki da Chinelo tun tana yawo da ɗan kamfai, kafin ki koma Legas. Ta girma ta zama muryar ikilisiyarmu, ba a bikin aure ko jana'iza a Kafanchan ba a neme ta ba. Yanzu ta dawo gida, tana ci tana sha, tana gane mutane. Amma hannunta yana rawa, idan aka aike ta ɗaki sai ta tsaya a ƙofa ta manta abin da ya kai ta, kuma waƙoƙin sun gudu daga kanta. Takan fara layi ɗaya ta tsaya tana kallon mutane, tana jiran wani ya tuna mata. Likita ya ce wataƙila ya dawo a hankali, wataƙila kuma ba duka ba.

Yanzu ga inda nake so ki ji da kyau, don nan ne na zubar da mutuncina da hannuna. Mai kamfanin ya biya kuɗin asibiti, sannan ya kira Gershon ya ce ba ya son magana ta fita, masu saye na Turai suna da tsegumi, a je a ba iyalin haƙuri yadda aka saba a gida. Gershon ya zo ya durƙusa a gabana. Ni kuma na je na ɗauko Fasto da dattawan ikilisiya biyu, na ɗaura zanen Zumunta, muka sa doya da kaji a bayan mota, muka nufi gidan Nnenna ranar Talatar nan da ta wuce. Kin san yadda irin wannan zama yake tafiya. Aka buɗe da addu'a, Fasto ya yi magana a kan gafara, dattawa suka ce tsautsayi ne, nufin Allah ne, mu 'yan'uwa ne cikin Almasihu, bai kamata a ji kanmu a waje ba. Ni ma na buɗe bakin nan nawa na ce Gershon ɗanta ne, ta rufa masa asiri kamar yadda ta rufa masa yana jariri. Har wannan na ɗauko na yi ciniki da shi, Yaya.

Da Nnenna ta zage mu, da na sami sauƙi. Sai ta shiga kicin ta kawo mana sakwara da miyar shuwaka, irin wadda ta san ina so, ta zuba mini ruwan wanke hannu da kanta. Maigidanta Sylvester yana zaune a gefe, Chinelo kuma tana kusa da ni tana murmushi, tana ta shafa bakin zanena kamar tana son ta tuna inda ta san shi. Da muka gama, Nnenna ta ce ita ta yafe tun a asibiti, ba sai an kawo kaji ba, kuma ba za ta kai Gershon ko'ina ba, don ba ta ɓoye yaro a ɗakinta don ta ɗaure shi da girma ba. Ta ce tambaya ɗaya kawai gare ta. Ta ji an ce ranar Litinin za a sake hura gawayin, to 'yar wa za ta shiga? Ta dube ni ta kira ni da sunan da take kirana tun muna yara, ta ce tun da ni na tara matan, ni zan fi kowa sani. Fasto ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na ji da ma ƙasa ta tsage in shige. Ban san za a sake hura wutar ba, kuma ban sani ba ne don ban tambaya ba. Na je neman a rufe bakin mutane, ban ko tambayi ɗana ko ya buɗe taga ba.

Na dawo gida na kasa cin abinci. Washegari a taron Zumunta na kasa ɗaga ido, ga matan da aka kwasa a mota suna zaune a gabana, suna gaishe ni da Mama kamar ba abin da ya faru. Bayan an tashi na ja biyu gefe na tambaye su ko za su koma ranar Litinin. Suka ce to ina za su? Kirsimeti ya matso, yara suna jiran kaya, gona ba ta ba da komai ba. Ɗaya ta ce ai tun da ni da Fasto mun je mun daidaita magana, sun ɗauka an gyara wurin. Kin ji, Yaya. Zuwan da na yi gidan Nnenna shi ne ya zama musu shaidar cewa ɗakin ya yi lafiya.

Jiya Juma'a na hau acaɓa na tafi kamfanin ban gaya wa kowa ba. Na sa Gershon ya kai ni ɗakin. An share shi tas, an yi sabon fenti, an liƙa wata ayar Zabura a saman ƙofa. Taga babu, duro-duron suna nan, sakatar ma tana nan, an ɗiga mata mai. Ya yi ta yi mini bayani, ya ce ya roƙi mai kamfanin a fasa bango a sa tagogi da bututun fitar da iska, a mayar da wutar waje, aka ce masa sai bayan an cika odar da ke ƙasa, don in an fasa bango yanzu zafi zai ragu, kaya su makara. Ya ce ya shirya a riƙa buɗe ƙofa lokaci-lokaci, kuma ya gaya wa maigadi in ya ji waƙa ta tsaya ya buɗe nan take. Ya ce in ya matsa da yawa za a kawo wani manaja daga Abuja wanda bai san kowa ba, gara shi. Na dube shi, ya rame, idanunsa sun faɗa, na san ba ya barci. Ɗana ba mugu ba ne, kin sani. Tsoro ne ya cika shi, kuma ni na koya masa cewa in an yi addu'a an ba da haƙuri, magana ta ƙare.

Sai na ce masa to shi ke nan, na yarda da shirinsa. Tun da ɗakin ya yi lafiya, kuma an rasa mai ba da waƙa, ni zan zo ranar Litinin da zanen Zumuntata in shiga da rukunin farko, in tsaya a ƙuryar da Chinelo take tsayawa, in ba da waƙa, ya sa maigadi ya zura sakata. Na ce ai hotona ne a jikin fakitin, ya kamata a ce na taɓa juya citta ko sau ɗaya. Yaya, kafin in rufe baki ya cafke hannuna da ƙarfi har ya yi mini zafi, ya ce in rufa masa asiri kada in shiga, wallahi ba zai bari in taka ɗakin nan ba. Ɗan da ba ya rantsuwa. Na tambaye shi me ya sa, tun da ya ce lafiya. Na sake tambayarsa, me ya bambanta ni da uwar wani da za ta shiga ranar Litinin? Sai ya saki hannuna ya zauna a kan buhu ya rufe fuska, yana kuka irin wanda rabona da ji tun ranar da aka binne babansa. Ban rarrashe shi ba, don ni ma mai laifi ce, ba ni da bakin rarrashi. Na zauna a buhun da ke kusa da shi har ya gama.

Bai ce mini zai hana hura wutar ba, bai kuma ce zai hura ba. Shi ya sa nake neman abu biyu a wurinki, kuma kafin Litinin. Na farko, ki kira shi. Kada ki yi masa faɗan nan naki da ke sa mutum ya manta sunansa, ya riga ya san abin da ya yi. Ki gaya masa kawai cewa in aikin nan ya tafi, ba zai kwana da yunwa ba muna raye, akwai acca, akwai ɗakin baya da aka gyara. Ina ganin abin da yake bukatar ji ke nan, kuma daga bakinki. Na biyu ya fi nauyi. Kin ce Mildred ta gaya miki a can doka ta ɗora wa manyan kamfanoni alhakin sanin halin da masu yi musu aiki suke ciki, ko da a wace ƙasa suke, shi ya sa suke buga hotunanmu suna cewa suna kula da mu. To ki ba ta fakitin nan ta duba adireshin da ke jiki, ta rubuta musu abin da na gaya miki, gawayin da sakatar da itatuwan da Chinelo, kada ta rage komai. Ta sa sunana cikakke, ta ce matar da ke tsakiyar hoton ce ta aiko. Na san wannan zai iya cin aikin ɗana, zai iya sa su daina saye gaba ɗaya matan su rasa na Kirsimeti su tsine mini. Ta roƙe su kada su gudu, su tsaya su sa a fasa bangon, don su ma sun ci ribar ɗakin nan. Na juya maganar ta kowace fuska, ban ga hanyar da ba ta da ciwo ba.

Gobe Lahadi bayan sujada zan miƙe a gaban mata, a wurin da na tsaya na yi shelar aikin, in gaya musu ɗakin bai gyaru ba, kuma zuwana gidan Nnenna kuskure ne. Ki sa ni a addu'a. Ranar Litinin kuma da sassafe zan kasance a bakin ƙofar nan da zanena. In Gershon ya hura wuta, sai dai ya zura sakata uwarsa tana ciki.

Ki gaishe mini da Mildred, ki ce ina yi mata barka da sauka lafiya, ta yafe mini nauyin da na ɗora mata tana jego. Ki gaishe da Kaleb, ki sumbaci angona ƙarami, ki ce masa amaryarsa ta Kafanchan tana nan tana jira da furfurarta. 'Yata Serah da maigidanta Meshak da yaransu suna gaishe ki. Nnenna ma da na ce zan rubuto miki ta ce in gaishe ki, ki ji irin zuciyar matar nan. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka.

Tambayar da kika yi mini a waya kuma, ga amsarta. Ki ɗauko fakitin ki sake dubawa. Yarinyar da ke gefena ta buɗe baki tana waƙa, Chinelo ce. Na kai mata hoton shekaranjiya, ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni wace waƙa ce take yi a wurin.

Taki ƙanwa,
Rachael, Maman Gershon.